Ranar da Kalangun Yaya Ya Rama

Yayana makaɗin kalangu ne, kuma gurgu ne. Kurkunu ce ta kama masa ƙafar hagu tun muna yara a gidanmu na Ƙofar Kuyambana a birnin Zariya, da ta warke sai ta bar shi da ɗingishi. Shi ya gaji kalangun mahaifinmu, ni kuwa aka kai ni makarantar boko. Duk rigar da na sa har na gama Midil, kalangun nan ne ya ɗinka mini ita.

Yaya yana da wani aboki tun na ƙuruciya, mawaƙi, ɗan unguwarmu. Ba zan ambaci sunansa ba, don ban ga abin da ya yi mini da zan ƙara masa suna ba. Tare suka fara, shi da baki, Yaya da hannu, suna bin gidajen biki da suna da wajen gayya a ƙauyukan bayan ganuwa. A zaurenmu yake kwana in damina ta rushe masa ɗaki, kuma Inna ba ta taɓa raba musu kwano ba. Da tafiya ta yi tafiya sai sunansa ya fito, ya tara 'yan amshi, ya fara naɗa rawani, aka koma ce masa Maigida. Yaya ma da yake mutum ne marar girman kai, Maigida yake ce masa a gaban mutane.

Abin da ya raba su ya faru ne a sunan ɗan wani bafataken goro. Ina wurin, don a lokacin na zama saurayi, har na fara aiki. Ranar hannun Yaya ya faɗa sosai. Ya matse kalangu a hammata yana kiran kakannin mai gidan ɗaya bayan ɗaya, har tsofaffin da ke zaune a tabarma suka riƙa gyaɗa kai. Bafataken ya miƙe, ya tuɓe babbar rigarsa, ya wuce mawaƙin da ke tsaye a gaba, ya je ya yafa wa Yaya. Ya ce da ƙarfi, "Yau kam kalangu ya fi mai waƙa baki." Jama'a suka yi dariya. Mawaƙin ma ya yi, amma na ga idonsa.

Ba a jima ba ya kawo wani ɗan 'yar'uwarsa ya ce shi zai riƙa yi masa kiɗi. Da a nan ya tsaya da babu komai, don abokai suna rabuwa. Sai ya shirya wa Yaya zambo. A cikin waƙar yana cewa ga mai ƙafa biyu, ɗaya ta isa kasuwa, ɗaya tana gida tana alwala. Waƙar ta kama gari kamar wutar kara. Yara suka ɗauka, 'yan mata masu talla suka ɗauka, har a lungunan Limancin Kona, unguwar malamai, inda ko tafi ba a cika yi ba, na ji ana rera ta ƙasa-ƙasa. In Yaya ya fito za shi masallaci sai a bi shi a baya ana kwaikwayon tafiyarsa.

Yaya ya sassauta tsirkiyar kalangun, ya rataye shi a ɗakin Inna, ya tafi marina ya nemi aiki. Hannun da ake tuɓe wa riga ya koma baƙi ƙirin da baba. Da yamma in ya dawo sai ya zauna a zaure yana kankare farce da tsinke. Na sha ce masa ya bar ni in je in sami mutumin nan, sai ya ce, "Ka je ka ce masa me, ɗan boko? Ƙarya ya yi? Ba gurgun ba ne ni?" Wannan maganar ta fi waƙar ƙona mini rai. Na ƙudurta a zuciyata cewa ko shekara nawa za a yi, sai mawaƙin nan ya ɗanɗani abin da ya ɗanɗana mana.

Aikin da na samu a gidan rediyo ne. A shekarun nan, kafin Arewa ta sami mulkin kanta, akwatunan rediyo masu waya sun shigo birni. Za ka ga akwati rataye a zauren mai unguwa, ko a rumfar kasuwa, ko a shagon tela, mutane sun kewaye shi. Muna da ɗan ɗakin ɗaukar murya a cikin birni, ginin ƙasa, an lulluɓe bangonsa da barguna da tsofaffin buhuna don kada sauti ya riƙa dawowa. A gefe akwai wani ƙaramin ɗaki mai tagar gilashi, nan inji yake, mai zaren tef da ke naɗewa daga wannan faifai zuwa wancan. Makirufo biyu gare mu, kowanne da abin murɗawarsa na ƙara ko rage sauti. Sai jar fitila a bisa ƙofa, wadda in ta kama ba mai tari, ba mai fita.

Wanda ya koya mini aikin wani Bahaushen Wusasa ne, Kirista, ya girme ni nesa, ya yi koyon injiniya a Ikko. Malam nake ce masa. Mutum ne mai yawan shiru da son shayi. Shi ya nuna mini cewa a aikinmu babu gyara daga baya. Yadda ka jera mutane a ɗaki, da yadda ka murɗa yayin da suke kiɗi, haka zaren zai riƙe har abada.

Wata rana da hantsi ya zo da wani faifan garmaho da wani Bature malamin makaranta ya ara masa. Ya ce sabon kiɗin samarin Amurka ne, wai shi rok. Ya ɗora allura. Ni dai da farko hayaniya kawai na ji, kamar ana rushe rumfar kwano. Ya ce, "Bar waƙar, ba jin ta za ka yi ba. Saurari gangar." Na kasa kunne. Ganga ce a gaba, tana dukan ƙirji, mai waƙar yana ihu yana bin ta a baya kamar wanda ake ja da igiya.

Na ce, "Malam, ai makaɗin ya danne maigidansa."

Ya ce, "Ba makaɗin ba ne. Wanda ke zaune a irin kujerarka ne ya ga dama ya sa shi a gaba. Mu nan mun saba mu manna wa mawaƙi makirufo a baki, mu tura makaɗa jikin bango kamar masu laifi. Ba dole ba ne."

Na sa ya maimaita faifan har sai da shayinsa ya huce. Ban gaya masa abin da ya faɗo mini a rai ba. Daga ranar, duk makaɗin da ya shigo ɗakin nan, mai kotso ko mai ganga ko mai kalangu, sai na yi ta gwaji a kansa. Na gano inda ake ajiye makirufo kalangu ya fito da kowace kalma garau, ɗan nesa da fatar gaba, daidai gwiwar mai kiɗi. Na kuma gano inda ake ajiye shi duk wani kuskuren hannu ya fito tsirara.

Ana nan sai manya suka aiko cewa ana son waƙar da za ta zuga manoma su shuka auduga, za a sa ta a nan, a kuma aika da ita Kaduna duk Arewa ta ji. Shugabanmu ya ce a kira mawaƙin da ya fi suna a birni. Ban sa baki ba, ban kuma bukaci in sa ba.

Mawaƙin nan namu ya zo da safe da jama'arsa, rawani har yana taɓa saman ƙofa, turare ya cika ɗakin. Ya dube ni ta gilashi, ya ƙara dubawa, ya ce, "Kai ba ƙanen gurgun nan ba ne?"

Na fito na durƙusa na ce, "Ni ne, Maigida. Barka da zuwa."

Ya ce, "To madalla. A gyara mini murya da kyau."

Na ce, "In Allah ya so."

Na jera su. Ɗan 'yar'uwar nan nasa ba wai bai iya ba ne sam, amma hannunsa yana gudu, in waƙa ta yi zafi sai ya riga 'yan amshi, ga shi ba ya matse tsirkiya sosai. A filin biki, cikin guɗa da ƙura, ba mai lura. Na ɗauki makirufo na biyu na dasa masa shi a daidai inda na san ba abin da zai ɓuya. Da fitila ta kama na murɗa nasa sama. Malam yana tsaye a bayana da kofinsa, ya dubi hannuna, ya dube ni.

Da suka gama aka mayar da zare, aka saki waƙar ta lasifika, shugabanmu yana zaune. Kalangun ya fito kamar ana dukan tsohon akushi, yana tuntuɓe, yana shiga bakin mai waƙa. 'Yan amshi suka sunkuyar da kai. Aka sake ɗauka, aka sake, duk kanwar ja ce. Shugaba ya ce shi ba zai aika da wannan Kaduna a yi masa dariya ba, in ba a sami makaɗin kirki ba zai aika a ɗauko wani mawaƙi daga Kano. Da jin Kano sai fuskar mutumin ta canza.

Malam ya kurɓi shayi ya ce, "Da akwai wani mai kalangu da nake ji a bukukuwa shekarun baya, mai ɗan ɗingishi. Ban san inda ya shiga ba." Har yau ban sani ba ko da gangan ya faɗa. Ni dai na ci gaba da naɗe waya kamar ban ji ba.

Bayan la'asar sai ga sallama a zaurenmu. Mawaƙin ne ya zo shi kaɗai, ba rawani, sai 'yar hula da ƙullin goro. Yaya yana zaune bai ko wanke hannu daga marina ba. Na shimfiɗa wa baƙo tabarma da kaina, na koma bakin ƙofa na zauna, don ban yi niyyar in rasa ko kalma ɗaya ba.

Ya daɗe yana kewaye-kewaye, yana tuna kwanan zaure da tuwon Inna. Can ya ce, "Abokina, abin da ya wuce ya wuce. Sharrin shaiɗan ne da zugar mutane. Ka rufa mini asiri."

Yaya ya ce, "Ai na bar kiɗi. Hannun ya mutu."

"Hannunka ba ya mutuwa. Don Allah, don darajar mahaifinka." Sai ya sauka daga tabarmar, ya durƙusa a kan tsurar ƙasa, ya kama ƙafar Yaya, ta hagun.

Yaya ya dube shi ya ce, "Tashi. Zan zo."

Da ya tafi na ce, "Yaya, haka kawai? Ya zo da goron sisi ka yafe?"

Ya ce, "Wa ya ce maka na yafe? Cewa na yi zan zo." Ya shiga ɗakin Inna ya sauko da kalangun, ya hure ƙura, ya fara jan tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, "Injin nan naku, yana jin maganar kalangu?"

Na ce, "In na ga dama, yana jin ta fiye da ta mutum."

Ya ce, "To ka ga dama."

Iyakar shawarar da muka yi ke nan.

Ranar ɗauka ɗakin ya cika. Ban da shugabanmu, ga wani babban malamin gona da ya zo daga Kaduna musamman, ga wakilin hakimi, duk sun zauna a benci jikin bargo. Na ba mawaƙin makirufonsa kamar kullum. Na kawo wa Yaya kujera 'yar tsugune, na sa shi a tsakiyar ɗaki, ba jikin bango ba, na durƙusa na daidaita masa nasa daidai gwiwa. Na koma bayan gilashi na kunna jar fitila.

Tun daga bugun farko aka san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Waƙar ta zauna daram. 'Yan amshi suka sami ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsu, mawaƙin ya saki murya, yana kiran manoma, yana yabon farar auduga, har baƙon Kaduna ya fara kaɗa ƙafa. Gaskiya ban taɓa jin ya yi waƙa mai daɗin ta ranar ba. Na bar shi ya hau sosai, ya wuce inda zai iya komawa.

A tsakiya akwai gurbin da mai waƙa ke yin shiru ya huta, kalangu ya yi yawo shi kaɗai kafin amshi ya dawo. Da aka iso wurin Yaya ya ɗago ido ya dube ni. Na rage na mawaƙin, na murɗa na kalangu har ƙarshe. Sai kalangun ya yi magana, a fili, kamar mutum ya tsaya a tsakar kasuwa: da bakin da ya zage ni, da shi ya roƙe ni. Ya maimaita. Sannan ya ƙara: baki ya durƙusa wa ƙafa, ta hagun, ta hagun.

Duk wanda aka haifa a Zariya yana jin kalangu. Na ga kafaɗun 'yan amshi suna rawa, ɗaya ya cusa gefen rigarsa a baki. Wakilin hakimi ya dubi rufin ɗaki. Mawaƙin kuwa ya sandare, gumi ya keto masa daga ƙarƙashin rawani. Ya dubi fitila, tana nan ja. Ya dubi baƙon Kaduna, wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne, yana ta murmushi yana kaɗa kai don daɗin kiɗi. Gurbin ya ƙare, amshi ya dawo, ba shi da yadda zai yi sai ya kama baitinsa ya ci gaba. Duk inda ya numfasa kuma sai kalangun ya sako masa ta hagun, ta hagun, ni kuma ina ɗaga ta. Haka ya raira yabon auduga har ƙarshe, ana yi masa zambo a ƙarƙashin waƙarsa, da makaɗin da ya roƙo da gwiwarsa.

Da fitila ta mutu baƙon ya miƙe yana tafi, ya ce wannan ita ce, ba sai an sake ba. Mawaƙin ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara ɗauka ɗaya, akwai inda na yi kuskure." Baƙon ya ce shi bai ji kuskure ba, kuma jirgin ƙasa ba ya jira. Shugabanmu, wanda ya ji komai sarai, ya dubi baƙon ya dubi mawaƙin, ya zaɓi baƙon. Na naɗe zaren da hannuna na sa a gwangwani na miƙa. Malam ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ka ɗan cika ƙara a tsakiya." Na ce, "Hannuna ne ya zame, Malam." Ya ce, "Haka na gani."

Aka fara sa waƙar kafin damina. Safe da yamma tana fita daga kowane akwati a birni. A rumfar mahauta, inda suka fi kowa jin kalangu, in an iso gurbin sai a ajiye wuƙaƙe a saurara, a kwashe da dariya. Yaran da suka bi Yaya suna ɗingishi su ne suka koma bin mawaƙin suna cewa ta hagun, ta hagun. Na kan bi ta kasuwa da gangan a lokacin da na san za a sa ta, in tsaya kamar mai tayin albasa, ina kallon fuskokin mutane. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne waƙar ta karɓu ƙwarai, ta fi duk waƙoƙinsa. Duk bikin da ya je sai a ce a yi ta rediyo, in ya yi da ɗan 'yar'uwarsa a ce ba haka take ba, ina maganar tsakiyar?

Yaya bai sake yi masa kiɗi ba. Ya bar marina, mahauta suka ɗauke shi, manoma suna aiko masa da jaki daga ƙauye ranar gayya. Wata rana muna cin tuwo ya ce mini, "Ɗan boko, ni na gama da mutumin nan. Ya faɗa, na faɗa. Kai ma ka bar shi haka." Na ce to. Amma Yaya ya fi ni zuciya mai kyau, ni ban gama ba.

Mawaƙin ya riƙa zuwa gidan rediyo yana neman a sake ɗaukar waƙar da wani makaɗi, a daina sa tsohuwar. Shugaba ya gaji da shi ya ce ya riƙa ganina, ni ke tsara ranakun ɗauka. In ya zo sai in tare shi da fara'a, in ba shi kujera, in aika a sayo masa goro. Sannan in ce wallahi Maigida yau inji ya yi zafi. Wani zuwan in ce zare ya ƙare, ana jiran na Ikko. Wani zuwan in ce Malam ya tafi Wusasa da mabuɗi. Ya kawo mini zabi, na karɓa, Inna ta soya. Ya turo mini dattawan unguwa, na ce musu ai ni ɗansa ne, gobe-goben nan za a yi.

Zuwansa na ƙarshe da na tuna, an riga an ba ni takardar canjin wurin aiki zuwa Kaduna, shi bai sani ba. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Ya zauna ya ce, "Yaro, gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Injin nan zai taɓa gyaruwa kuwa?"

Na ce, "Maigida, ai inji sai haƙuri. Ka dawo ran Laraba."

Ran Talata na hau jirgi.